Rakiyar Ranar Asabar

Ina tsaye bayan kanta a kemis ɗin da nake aiki a unguwar Moss Side ta birnin Manchester, da hantsi, ina liƙa takarda a jikin kwalbar maganin wata tsohuwa, sai waya ta yi ƙara a aljihuna. Da na ga sunan Hajiya Bilkisu, matar Dakta Habibu, gabana ya faɗi, domin ba ta saba kirana a lokacin aiki ba. Muryarta a dashe ta ce, "Aminu, sai haƙuri. Babanku ya cika." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na san yana asibiti, na san zuciyarsa ta daɗe tana ba shi wahala, amma na sa a raina kwanciya ce irin wadda ya saba, ya yi kwana biyu ya fito yana yi wa abincin asibiti tsiya. Na ƙarasa liƙa takardar, na yi wa tsohuwar bayanin yadda za ta sha maganinta, sannan na shiga ɗakin ajiya na zauna a kan kwali na yi kuka.

Da kukan ya lafa, wanda ya fara faɗo mini a rai shi ne Sadiq, ɗan yayata Hadiza, da ke Small Heath a Birmingham. Mahaifinsa, Alhaji Lawal, ya riga ya yanka masa tikitin Kano da sunan bikin wani ɗan'uwa, kuma duk wanda ke cikin gidan ban da shi yaron ya san ba biki za a kai shi ba, gidan mari ne ke jiransa. Mutum ɗaya ne ya tsaya tsakanin Sadiq da wannan tikiti, shi ne kuma yanzu aka ce mini ya cika.

Dakta Habibu likitan ƙwaƙwalwa ne da ya ƙware a kan jinyar masu shaye-shaye. Tsararrakinsa da suka zo ƙasar nan tare sun zaɓi zuciya da ido da tiyata, fannonin da uwa kan faɗa da ƙarfi a gidan biki. Shi ya zaɓi wanda in an zo gabatar da shi a taro sai a ce "likita ne", a yi sauri a wuce. Na san shi tun ina ɗalibi, lokacin da na zo Manchester karatun haɗa magunguna, ba ni da kowa sai akwati da rigar sanyin da ba ta maganin sanyi. Shi ya saya mini ta kirki, shi ya nuna mini inda ake samun naman halal mai araha, shi kuma ya fara kai ni ƙaramin asibitin da yake aiki a bayan layin shaguna, ya ce in zo in ga mutanen da zan riƙa miƙa wa magani in na gama.

A can na ga abin da ban taɓa gani ba. Duk wanda ya shigo, Bature ne ko ɗan Jamaika ko ɗan Somaliya, wanka ya yi ko ya kwana a bakin shago, Dakta zai miƙe ya ba shi hannu biyu, ya yi masa gaisuwar Hausa da Turanci: ina gajiya, yaya gida, yaya mahaifiya, yaya sanyi. Da farko sukan tsaya suna kallonsa kamar ya zautu. Daga baya su ne ke riga shi tambayar gajiya. Ran nan na yi suɓutar baki na ce, "Baba, 'yan ƙwayar nan suna ji da kai." Ya cire tabarau ya dube ni ya ce, "Malam Aminu, mai ciwon suga ɗan suga kake kiransa? Majinyata ne. In ba za ka iya faɗin haka ba, ka koma sayar da man shafawa." Ban sake ba har yau.

Sai shekarun tsuke bakin aljihu suka shigo, gwamnati ta rage wa ƙananan hukumomi kuɗi, su kuma suka duba wanda ba zai iya yi musu ihu ba suka fara da shi. Abin ya zo a hankali. Aka fara rufe ɗakin da majinyata ke zama su sha shayi. Aka sallami matar da ke zama da su tana sauraren damuwarsu. Aka ce wanda ake gani duk mako yanzu sai wata-wata. Daga ƙarshe aka haɗe asibitin da wani can nesa, inda mutum zai hau bas biyu kafin ya isa, aka ba Dakta takardar ritaya da kati mai hoton fure. Ranar rufewa shi da kansa ya riƙa fitar da kujeru. Bayan nan jana'izar tsofaffin majinyatansa ta yawaita, kuma babu wadda ya ji labarinta bai je ba, a coci take ko a masallaci. Wata rana muna dawowa daga ɗaya ya ce mini, "Sun ce sun yi tsimi. Ba su yi tsimin komai ba, sun dai karɓe daga hannun likita sun miƙa wa mai haƙa kabari."

Yana da zafi a kan batun kamu. Ya sha faɗa a gaban manya cewa bai taɓa ganin wanda ankwa ta warkar ba. Abin da ya gani shi ne yaro a kama shi da ɗan ƙulli, a ɓata masa suna a takardun hukuma, ya fito ya nemi aiki a hana shi, ya koma wurin waɗanda ba sa tambayar takarda. Yana son a kama dillali, a kai mai sha asibiti. Mutanenmu ba sa son jin wannan, domin a wurinmu duk wanda ya ce a tausaya wa mai laifi, kamar ya ce laifin ba laifi ba ne.

Abin da ya ja masa suna kuwa wani taron jama'armu ne bayan Sallah, a lokacin da ake ta muhawara a ƙasar nan a kan maganin da ake tatsowa daga tabar wiwi domin yara masu matsananciyar farfaɗiya. Aka ba shi minti kaɗan ya yi magana a kan lafiya, kowa na zaton hawan jini zai taɓo. Sai ya tashi ya yi bayanin cewa maganin da aka tace, aka auna, ƙwararren likita ya rubuta, daban yake da naɗin da ake zuƙa a lungu, wanda shi da idonsa ya ga yadda yake birkita ƙwaƙwalwar samari. Ya ce allurar kashe zafin da ake yi wa kowannenmu bayan tiyata ma daga tsiron da ake yin mugunyar hoda ta fito, kuma bai taɓa jin wanda ya ce a bar shi da zafinsa ba. Duk wannan bayani, kalma ɗaya jama'a suka ji. Surukina Alhaji Lawal, injiniya ne mai faɗa a ji, ya miƙe ya gyara babbar riga ya ce, "Dakta, with due respect, mu muna nan muna fama da tarbiyyar yaranmu, kai kuma ka zo kana yi mana tallan wiwi?" Aka yi dariya, wasu har da tafi. Daga ranar sunansa ya koma Likitan Wiwi. Ni raina ya ɓaci ƙwarai, har na ƙi cin abincin taron. Shi ko ya cika faranti da tuwo ya ce mini, "Ci abinci, Malam Aminu. Suna ai ba ya hana tuwo wucewa."

Ba a daɗe sosai ba Yaya Hadiza ta kira ni tana kuka. Sadiq ya ji ciwo a gwiwa wurin ƙwallo, aka ba shi maganin kashe zafi, zafin ya tafi maganin ya zauna. Da likita ya daina rubutawa ya koma saye a titi, daga nan ya zarce zuwa abin da ya fi muni, ya bar jami'a. A waje ana cewa ya tafi sanin makamar aiki ne a wani gari, alhali yana ɗaki a sama an ja labule. Na kira Dakta. Alhaji Lawal ya yarda ya zo, bisa sharaɗi ɗaya: kada kowa ya sani. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma surukina so yake a yi wankan da babbar rigarsa a jiki. Na zaci Dakta zai tuna masa da maganar taro ko da a cikin raha ne. Bai yi ba.

Ya sama wa Sadiq gurbi a wata cibiyar jinya ta wajen Perry Barr, nesa da idon 'yan unguwa, inda yake karɓar maganin da ke kwantar da ƙishirwar abin. Sai dai can ma tsimin ya cinye su. Yau wannan ma'aikaci, wata mai zuwa wani, kowa ya zo sai yaron ya sake ba da labarin kunyarsa daga farko. Dakta ya san magani shi kaɗai ba ya riƙe mutum. Amma ta yaya Likitan Wiwi zai riƙa shiga gidan Alhaji Lawal ya keɓe da ɗansa ba a yi magana ba?

Sai ya nemo hanyar a cikin al'adarmu. Duk Asabar zai hau motar haya daga Manchester, da 'yar jakarsa da ledar cincin ɗin Hajiya Bilkisu, ya sauka gidan a matsayin baƙo. Ba a tambayar dattijo dalilin ziyara. Zai zauna a falo da maigida, a sha shayi, a tattauna siyasar gida, a zagi farashin gas. In la'asar ta yi sai ya dafa gwiwa ya miƙe ya ce, "To, Alhaji, sai wani jiƙon. Sadiq, ɗauko mini jakata, zo ka taka mini." Yaro ya raka baƙon mahaifinsa, wa zai ga abin magana a nan? Maƙwabta ma yabo suke yi, suna cewa ɗan Alhaji akwai ladabi. Daga ƙofar gida zuwa tashar bas tafiya ce gajeriya, amma Dakta ya mayar da ita ɗakin duba majinyaci. Sukan tsaya a rumfar tashar, bas ya zo ya ce wannan ya cika, wani ya zo ya ce direban bai yi masa ba. Sadiq, wanda Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba, ya taɓa ce mini, "He never asks if I've used, Kawu. He asks if I've eaten." Ba ya fara tambayarsa ko ya sha wani abu, sai dai ko ya ci abinci, shi kuma yaron kafin bas na uku ya zo ya riga ya faɗa masa komai da kansa.

Na taɓa tambayarsa me ya sa yake tsananin ƙin a mayar da yaro gida, tunda wasu na cewa sun ga amfaninsa. Sai ya ba ni labarin wani saurayi da iyayensa suka yaudara da hutu, aka karɓe fasfonsa, aka sa shi a mari. Ya dawo bayan dogon lokaci ya rame, ana ta hamdala an ce ya shiryu. Bai daɗe da sauka ba ya sha daidai abin da ya saba sha a da, jikinsa kuwa ya riga ya manta da shi, aka same shi a ɗaki. Iyayen suka ce ciwon zuciya ne. "Ni na wanke shi," in ji Dakta. "Na ga shatin ƙarfe a ƙafafunsa. Wanda aka ɗaure bai warke ba, Aminu, tafiya kawai aka hana shi."

Sadiq ya samu sauƙi, ya yi ƙiba, har ya fara aiki a wani ɗakin ajiyar kaya. Sai a sanyin bara ya zame, ya koma sha. 'Yan sanda suka tsayar da shi a kan titi kusa da masallaci, wani da ya san gidansu ya gani. A makon ne Alhaji ya yanki tikiti. Asabar ɗin da ta biyo na bi Dakta, domin a lokacin numfashinsa ya fara sarƙewa in ya hau matakala.

Alhaji bai ɓoye ba. Ya ce, "Dakta, na gode, Allah ya saka. Amma this system has failed him. A gida za a gyara shi."

Dakta ya ce, "Gidan wa, Alhaji? Yaron nan a nan aka yanke masa cibi. In ya yi kuka a can, da wane yare zai yi shi? Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

"Ba yarwa zan yi ba. Ka san abin da ake faɗa a kaina a masallaci?"

"Na san abin da ake faɗa a kaina ni ma, kana cikin waɗanda suka raɗa mini sunan," in ji Dakta, yana murmushi. Wannan ne kaɗai karon da ya taɓo zancen, shi ma don ya sa mutumin dariya ne, kuma ya kusa yi. Sannan ya ce, "Abu ɗaya nake roƙo. Muddin ina zuwa, ka bar mini shi."

Alhaji ya daɗe yana juya kofin shayi. Ya ce, "Muddin kana zuwa."

Ranar na bi su a baya zuwa tasha. Sadiq na riƙe da jaka a hannu ɗaya, ɗaya hannun yana tallafe da dattijon, suna tafiya suna tsayawa. Dakta ya ci gaba da zuwa a haka har ranar da aka kwantar da shi a asibiti.

An yi jana'izarsa ranar Juma'a bayan an sauko, ana yayyafi, maƙabarta duk ta caɓe. Manyanmu sun zo, likitoci da injiniyoyi da akantoci. A gefe guda kuma ga wasu mutane da ba a gayyata ba sun tsaya nesa kaɗan, Turawa da baƙaƙe, wasu da haƙora a zube, wasu da kwat ɗin aro, ba su san inda za su sa hannuwansu ba. Na gane da yawa daga cikinsu tun zamanin ƙaramin asibitin nan. Na kuma ga yadda mutanenmu ke tattare riguna in ɗayansu ya matso, abin ya ƙona mini rai. Alhaji Lawal ya zo shi kaɗai a motarsa, ya baro Sadiq a gida. Amma da muka iso bakin kabari sai na hango yaron can baya cikin baƙin nan, da rigar sanyi mai hula, ya jiƙe. Motar haya ya hau ya biyo.

Dakta 'ya'ya mata Allah ya ba shi. Da aka zo saka shi, liman ya ce iyali sun aiko da wasiyya: marigayi ya ce cikin waɗanda za su shiga kabari su karɓe shi a sa da Aminu, a sa da Sadiq. Aka fara waige-waige. Sadiq ya fito daga cikin mutanen da ake ƙyama, a rame. Wani dattijo da ke kusa da liman ya dube shi sama da ƙasa ya ce da ƙarfi, "Wannan kuma ɗan wa ne?"

Ina kallon surukina, ruwa na ɗiga daga hularsa. Da ya yi shiru babu mai kama shi, domin da yawa ba su ga yaron ba tun yana sakandare. Amma ya ce, "Ɗana ne." Ya ƙara da cewa, "Dakta ne ke duba shi."

Babu wanda bai san irin majinyatan da Dakta Habibu ke dubawa ba. Muka shiga ni da Sadiq da wani ɗan'uwan marigayin, muka karɓe shi, muka kwantar da shi yana fuskantar alƙibla. Bai yi nauyi ba. Da muka gama, Sadiq ya kasa fitowa saboda santsin laka, mahaifinsa ne ya durƙusa da farar shaddarsa ya miƙa masa hannu.

Ba zan yi wa masu karatu ƙarya in ce komai ya warware ba. A wurin ajiye motoci Alhaji ya ja ni gefe ya ce, "Aminu, tikitin yana nan. Ban ce na fasa ba." Na ce na ji. Ya dubi motarsa, inda Sadiq ke zaune ya haɗa kai da gwiwa, ya ce, "Wa zai zo Asabar?"

Na ce, "Yaya, ni ba Dakta ba ne. Magani kawai na iya miƙawa."

Ya ce, "Na sani. Za ka zo?"

Na je. Hajiya Bilkisu, tana cikin takaba, ta aiko 'yarta da ledar cincin ta ce in tafi da ita. Na zauna a falo, muka sha shayi, hira ta ƙi tafiya, domin ni ban iya zagin farashin gas yadda Dakta yake yi ba. Da la'asar ta yi na miƙe, ban kai ga faɗin abin da Dakta ya saba faɗa ba. Da na waiwaya, Sadiq na tsaye a bakin ƙofa ya riga ya sa takalmi, jakata na hannunsa. Muka taka zuwa tasha. Bas ya zo da kujeru a sarari, ya tsaya, ya buɗe ƙofa. Sadiq ya dube shi ya ce da gurguwar Hausarsa, "Kawu, wannan ya cika." Muka bar shi ya wuce.

Ya Allah, ga bawanka Habibu ya zo gare ka. Ya rufa asirin bayinka a lokacin da ake tona nasa, ka rufa masa asiri ranar da asirai ke tonuwa. Ka gafarta masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi, ka sa kowane taku da ya yi zuwa tashar nan ya zama nauyi a mizaninsa, ka sa Aljannar Firdausi ce makomarsa. Ka ba Hajiya Bilkisu da 'ya'yansa haƙurin rashinsa, ka zama gatansu. Majinyatan da ya bari, na masallaci da waɗanda ba su san hanyar masallaci ba, ka ba su lafiya, ka haɗa su da mai ba su hannu biyu. Ka kama hannun Sadiq, ka sanyaya zuciyar mahaifinsa, ka ba ni ƙafar zuwa Asabar mai zuwa. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.